Yadda Gaisuwa Ta Kusa Ƙarasa Mini Miji

Mata sun ishe ni da tambaya. A gidan suna, a gidan biki, har a bakin famfo, sai wata ta jawo ni gefe ta ce, "Ke Saude, wai da gaske ne kin kori dangin mijinki a asibiti?" To da gaske ne. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, don duk wadda Allah Ya jarraba da irin jinyar da na yi ta san abin da ke gabanta. Allah Ya sa kada kowa ya gani.

Ni 'yar Roni ce, aure ya kawo ni Babura. Maigidana Nafi'u, wanda nake kira Baban Walida, hatsi yake sayarwa a kasuwa, gero da dawa da wake, mutanen Nijar na zuwa masa da sefa suna ɗauka. Asalinsu wani ƙauye ne a ƙasar Gwiwa, can mahaifinsa yake. A Babura kuwa yayan mahaifin nasa, Baffa Haladu, shi ne ubanmu, shi ya koya masa kasuwa, gidansa yana bayan namu. Baban Walida mutum ne mai ladabin da har haushi yake ba ni. In babba ya kira shi a waya, durƙusawa yake yi da wayar a kunne. Sau nawa ina ce masa, "Malam, ai ba ya ganinka," sai ya ce Allah yana gani.

Ciwon ya fara ne da kaka, lokacin da sabon gero ke shigowa kasuwa. Ɗan tari ne busasshe, ba wani mai ƙarfi ba. A irin wannan lokaci duk mai awo tari yake yi saboda ƙaiƙayi, don haka babu wanda ya ɗaga kai. Sai zazzaɓi ya biyo baya, kullum da la'asar, kamar an yi masa alƙawari. Da safe in na ɗaga zanin gado sai in same shi sharkaf da gumi. Mai kemis ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi allurai. Bayan sati biyu ya ce taifot ce, aka sha ƙwayoyi har fitsarinsa yana warin magani. Zazzaɓi yana nan daram.

Wata bai cika ba mutum ya fara zubewa. Mazagin wandonsa sai ya zagaya shi ya rage. Kaluluwa ta fito masa a wuya, bayansa ya riƙe, abinci in ya yi loma uku ya ture kwano. Nan fa masu shawara suka buɗe baki. Wannan ta ce basir ne ya hau sama, wancan ya ce ciwon shawara ne, wata ta ce abokan kasuwa ne suka yi masa hannu. Baffa Haladu ya aiko da jiƙo a jarka, baƙi ƙirin, ya ce a sha safe da yamma. Ni dai hankalina bai kwanta ba, na matsa masa muka je ƙaramin asibiti aka gwada kakinsa. Aka ce ba a ga tarin fuka ba. Wayyo, har sadakar ƙosai na yi don murna.

Ran da abin ya juye, da hantsi ne. Ya fito daga bayi da buta a hannu, tsakaninsa da ƙofar ɗaki bai fi tsawon tabarma biyu ba, ya kasa kaiwa. Ya zauna a ƙasa ya dafa gwiwa, yana jan numfashi kamar wanda aka biyo da gudu. Na ce, "Baban Walida, lafiya?" Ya buɗe baki, kalma ɗaya ta fito, ta biyun ta maƙale. Na dubi leɓɓansa sun yi duhu, farcensa ma haka. Ban san lokacin da na fita titi ba mayafi ba. Maƙwabcinmu mai motar haya, Allah Ya saka masa da alheri, ya sauke fasinjojin da ya ɗauka ya kwashe mu sai Kazaure. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji kamar a nan ran zai fita.

A asibitin na tarar da layin yankar kati ya kai bakin baranda. Na tsaya, na fita daga layi, na koma, na sake fita. Wata nas mai suna Sista Rifkatu ta zo wucewa, ta kalle shi sau ɗaya ta ce, "Wannan ba na layi ba ne, ku kawo keken marasa lafiya!" Ta maƙala masa wani ɗan abu a yatsa mai nuna lamba, ta ga lambar, ta ruga. Kafin in gama rarraba ido an kifa masa roba a hanci da baki, an jona ta da tukunyar oksijin.

Da aka yi hoton ƙirji, likita ya kira ni ya ɗaga hoton a taga. Maganarsa har yau tana kunnena. Ya ce, "Kin ga ɗige-ɗigen nan ko'ina, kamar an watsa gero? Tarin fuka ne, amma ba wanda ya tsaya wuri ɗaya ba. Ya bi jini ya bazu, shi ne a wuyansa, shi ne a bayansa. Irin wannan sau da yawa ba ya fitowa a kaki. Yanzu huhun ya gaza ɗaukar iskar da za ta ishe shi." Na ce, "Likita, zai tashi?" Ya ce, "Akwai magani, kuma kyauta ne. Amma magani sai ya ɗau lokaci kafin ya kama, robar nan ce za ta riƙe shi har lokacin. Ki lura da lambar yatsan nan, kada ta sauka ƙasa da casa'in. Kada a cire robar, ko waye ya ce."

Maganin kyauta ne kamar yadda ya faɗa, amma iskar ba kyauta ba ce. Geron da Baban Walida ya ɓoye don bazara haka aka riƙa fitar da shi buhu-buhu ana kaiwa kasuwa a farashin kaka, muna mayar da shi iska. Ban yi kukan wannan ba. Abin da ya hana ni zama daban ne.

Labari ya kai Babura, ya kai Roni, ya kai Gwiwa, sai 'yan dubiya suka ɓalle. Mota guda ake cikowa. Ba zan zama butulu ba, sun zo da fura da kunu da dafaffen ƙwai, wasu sun tura abin da ya sawwaƙa ƙarƙashin filo, matan Gwiwa sun karɓe mini wanki. Allah Ya biya su. Amma duk dattijon da ya shigo sai ya tsaya a kansa ya ce, "Nafi'u, ya jiki?" Shi kuma bawan Allah sai ya kai hannu ya janye robar, ya yunƙura zai tashi zaune, ya ce, "Da... sauƙi. Kun zo... lafiya?" Kun dai san gaisuwarmu ba layi ɗaya ba ce. Ya gida, ya iyali, ya hanya, ya aka ji da kaka. Ina tsaye ina kallon lambar tana gangarowa, tamanin da wani abu, saba'in da wani abu. Kafin ta hau ta koma inda take, wata motar ta iso.

Na yi masa magana a hankali, na yi da faɗa. Na ce, "Don girman Allah ka ɗaga musu hannu kawai." Ya jawo ni kusa, ta cikin robar ya ce, "Babba ya gaishe ni, in yi masa shiru da abu a baki kamar jaki?" Sista Rifkatu tana korar su, amma ba mu kaɗai gare ta ba. Da ta juya baya sai su sulalo, "Daga nesa muke, leƙawa kawai za mu yi." Takunkumin da ake ba su a ƙofa don kada su ɗauki ciwon, a haɓa suke ratayewa, wai rufe baki gaban marar lafiya ƙyama ce. Ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye. In na fita ɗebo ruwa sai in dawo da gudu da rabin bokiti. Salla ma ina sallamewa idona yana kan yatsansa.

Cikin sati na biyu Baffa Haladu ya zo da wasu dattawa. Tun daga ƙofa ya ɓata rai da ya ga tukunyar. Ya ce, "Wannan robar ba a sa wa mai tashi. Duk wanda na gani da ita, daga nan sai makara. Ku bar yaro ya samu bakin yin salati." Baban Walida yana jin muryarsa ya fizge robar. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Sai Baffa ya ɗaga hannu ya fara addu'a, kowace gaɓa sai an ce amin, shi kuma yana riƙe da robar a cinya yana amsawa. Na matso na ce, "Baffa, a mayar masa." Ko kallona bai yi ba. Wa zai katse addu'ar babba? Amin ɗin Baban Walida ta riƙa ƙanƙancewa, har na ga baki yana motsi babu sauti. Sai idonsa ya juye, kansa ya langaɓe gefe.

Ihun da na yi, an ce har ɗakin haihuwa an ji. Nas-nas suka shigo a guje, aka kira likita, aka fitar da mu duka. Na yi ta zagaye barandar nan, in je ƙarshe in dawo, in leƙa taga, in sake tafiya. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba. Da likita ya fito gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce, "Ya dawo. Amma ki ji ni da kyau, in aka sake irin wannan ba na jin za mu same shi. Injin da ke yi wa mutum numfashi sai Kano, kuma a yadda yake ba zan ɗora shi a hanya ba."

Daga nan na ɗauko tabarmata daga gefen gado na shimfiɗa ta a bakin ƙofar ɗakin, a gicciye. Ta tagar ƙofar ina hango lambar.

Washegari Baffa ya dawo, har da motar da za a mayar da Baban Walida gida, wai gara ya cika a ɗakinsa. Na durƙusa har ƙasa a kan tabarmar, amma ban matsa ba. Na ce, "Baffa, ina kwana. Ka yi haƙuri, ba za a shiga ba."

Ya ce, "Me kika ce?"

Na ce, "Likita ya hana. In ya gan ka zai cire robar, in ya cire mutuwa zai yi."

Ya ce, "Mutuwa a hannun likita take? Ke 'yar Roni, ni za ki hana ganin ɗana? Ni na taka har gidanku na karɓa masa aurenki!"

Na ce, "Na sani Baffa. Ka dake ni in ka so, amma ta kaina za a bi."

Baffa ya dube ni ya ce, "To shi ke nan. In ya tashi, zai zaɓa tsakanina da ke. In bai tashi ba, ki nemi inda za ki yi takaba, ba a gidanmu ba." Ya kaɗa riga ya tafi.

Kafin azahar magana ta kai Roni. Innata ta kira ni tana kuka, "Saude, so kike ki kashe aurenki? Wace tarbiyya ce wannan? Maza ki bi shi ki ba shi haƙuri." Na ce, "Inna, in ya mutu ma ai auren ya mutu." Ta kashe wayar. Kwanakin da suka biyo baya na sha baƙar magana iri-iri. Wata gwaggonsa ta ce na mallake shi, wani ya ce so nake ya mutu a hannuna ni kaɗai in kwashe hatsi. Wasu sun ajiye kwanon abinci sun juya, wasu sun tafi da abinsu. Duk wanda ya zo in durƙusa in gaishe shi in ce yana barci, ko da idonsa biyu. Ƙafafuna suka kumbura, abinci ba ya wuce mini, ko bayi zan shiga sai na roƙi matar mai gadon kusa ta zauna mini a ƙofa. Lambar kuwa ta fara zama wuri ɗaya.

Mutum ɗaya ne bai zo ba tun farko, mahaifinsa. Baban Walida ɗan fari ne, kuma Baba irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ya kamawa, sai dai ya ce "wancan". Aike kawai yake yi a tambayo jiki. To Baffa ya je har ƙauye ya kai ƙarata. Wata rana da hantsi ina zaune sai na hango tsoho ya sauka daga kan acaɓa, da sandarsa da buzunsa a kafaɗa. Baba ne. Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa haɗa ido da shi ba, magana tsakaninmu ba ta wuce ina kwana. Yau shi zan ce wa ba za a shiga ba?

Ya iso ya tsaya. Na durƙusa, kaina a ƙasa, na gaishe shi. Ya amsa, sannan ya ce, "An ce kin hana shiga."

Na ce, "Baba, gaisuwa ce take kashe shi. Kowa ya shigo sai ya cire robar ya amsa. Ya cire wa kowa, balle kai." Kuka ya ƙwace mini, na kasa ƙarasawa.

Ya ce, "In ban yi magana ba fa?"

Na ce, "Shi zai yi."

Ya leƙa ɗansa ta tagar ƙofa. Can ya ce, "Ba ni abin rufe bakin nan. Buɗe mini."

Ban san abin da ya sa na matsa ba. Na bi bayansa ina salati a zuci, na riga na auna inda zan faɗa in danne robar da hannuna, ko da a gaban surukina ne. Baban Walida ya buɗe ido ya ga ubansa. Nan take hannunsa ya tashi zuwa fuska, yana yunƙurin sauko da ƙafa daga gado. Sai tsohon nan ya saki sandarsa ta faɗi, ya cafke hannayensa biyu ya danne su a kan katifa.

Ya ce, "Kul! Kwanta."

Baban Walida yana ta motsa baki a cikin robar. Baba ya ce, "Na ce kul. Ban gaishe ka ba, kada ka gaishe ni. Na yafe maka gaisuwa, ta yau da ta gobe, har ran da za ka taka da ƙafarka ka kawo mini ita gida." Bai saki hannayen ba. Ya ci gaba, a hankali, yana amsa abin da ba a tambaye shi ba. "Gida lafiya. Mun zo lafiya. An gama ɗaurin dawa. Uwarka tana gaishe ka." Hawaye suka gangaro wa Baban Walida ta gefen robar har cikin kunne. Na saci kallon lambar, tana nan inda take.

Da muka fito Baba ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofar, daidai inda tabarmata take. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tashi ki je ki ci abinci ki miƙe ƙafa. Ni zan zauna." Daga ranar duk ɗan dubiyar da ya zo, a wurinsa yake tsayawa. A ce, "Ya mai jiki?" ya ce, "Da sauƙi, ya gode," a yi addu'a a baranda a shafa a juya. Babu wanda ya ƙara cewa uffan. Ranar na yi barcin da rabona da shi tun Babura.

Sauƙi bai zo da gudu ba. Sai da aka ƙara makonni kafin a canza masa babbar robar zuwa 'yar siririya ta hanci, daga baya aka riƙa cirewa ana gwada shi. Maganin ya mayar masa da fitsari ja, na tsorata, Sista Rifkatu ta yi mini dariya ta ce haka yake yi. An gwada ni, an gwada 'yarmu Walida, aka ba ta na rigakafi. Bayan sallama watanni ya yi yana haɗiyar ƙwayoyi kowace safiya kafin karin kumallo, ina tsaye a kansa, don an gargaɗe mu in aka yanke a tsakiya ciwon dawowa yake da ƙarfinsa. Yanzu ya koma kasuwa, amma ɗaga buhu ya ƙare masa, in ya yi sauri kaɗan sai haki.

Abin da zan ce wa 'yan'uwa mata da maza, zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ga rama ga gumi, kada a tsaya wa kemis, kuma ko an ce kaki lafiya a nemi hoton ƙirji. Robar oksijin ba sallama ba ce, ga nawa nan yana yawo. Mai zuwa dubiya kuma, in ka ga mutum da roba a fuska, yi addu'arka daga ƙofa, Allah yana ji daga can. Likitan nan da Sista Rifkatu da maƙwabcinmu direba da Baba, ba ni da abin biyan su, Allah Ya biya su da gidan Aljanna da zuri'a mai albarka.

Baffa Haladu kuwa, Baban Walida ya je ya durƙusa ya ba shi haƙuri, sun shirya, suna zama a rumfa ɗaya. Ni ce dai har yau bai amsa gaisuwata ba. Na je da kaina, na aika Innata, ya ce babu komai, amma in na ce ina kwana sai ya dubi bango. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba, don mutumin nan ya riƙe mu da alheri shekara da shekaru. Duk ranar Juma'a nakan tuƙa tuwon dawa da miyar kuka in ba Walida ta kai masa, yadda na rufe kwanon haka take dawowa da shi. In karɓa, in buɗe, in ajiye gaban Baban Walida, in zauna ina kallonsa har ya cinye.